Awon Ciki a Ƙasar Gobir: Matan Sabon Birni da Isa Tsakanin Haɗarin Hanya da Haɗarin Naƙuda

Ranar awo, tun kafin hantsi ya dubi ludayi benci ya cika. Mata sun zauna kafaɗa da kafaɗa cikin hijabai, kowacce da katinta a naɗe cikin leda don kada ruwa ko maiƙo ya ɓata shi. Ma'aikaciyar lafiya tana kiransu ɗaya bayan ɗaya: a hau sikeli, a miƙo damtse a ɗaura abin gwajin hawan jini, a kwanta a auna tsayin ciki da tef. Daga nan sai ta kafa ɗan ƙahon nan a kan ciki, ta kara kunne, ɗakin ya yi tsit har ta kamo bugun zuciyar jinjiri. Ta ja fatar idon mace ta duba ko da ja ko ta yi fari fat, ta danna ƙafa da babban yatsa ta ga ko wurin zai lotsa. Kafin mace ta tashi an miƙa mata ƙwayoyin Fansidar guda uku da kofin ruwa, ta haɗiye nan take a gaban ma'aikaciya.

Duk wannan aiki bai fi 'yan mintoci ba. Amma wanda ya saurari amsar da matan ke bayarwa in an tambaye su watannin cikinsu, zai ji shida, bakwai, wata ma takwas. Mai cikin wata biyu ko uku sai an tona. Su ma waɗannan da suka cika benci, su ne masu rabon da suka samu zuwa. A ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa, can gabashin Jihar Sakkwato inda ƙasar Gobir ta jingina da Zamfara da Jamhuriyar Nijar, mata da yawa sukan ɗauki ciki su sauke ba a taɓa gwada musu jini ko sau ɗaya ba.

An saba rufe wannan magana da kalma guda, a ce jahilci ne. Wanda ya san yankin ya san abin ya wuce nan. Matar da ke wani ƙauye a mazaɓar Gatawa ko Tozai tana da lissafinta. Haɗari biyu ne a gabanta. Ɗaya tana ganinsa da idonta a bisa hanya, rataye da bindiga; ɗayan yana kwance cikin jininta, ba ya nuna kansa sai ranar naƙuda. Ɗan Adam kuwa abin da idonsa ya gani shi yake fara guje wa.

Abin da ake rasawa a watannin farko

A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya shawararta kan awo. Da sau 4 ake cewa mai ciki ta je, sai aka mayar da shi sau 8, kuma zuwan farko kada ya wuce mako 12. Dalilin wannan gaggawa shi ne yawancin abubuwan da awo ke magancewa lokaci suke buƙata.

Ɗauki ƙarancin jini. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kusan kashi 61 cikin 100 na masu ciki a Najeriya jininsu bai kai yadda ake so ba. Ƙwayar ƙarin jini ba ta aiki dare ɗaya. Sai an yi watanni ana sha kullum. Wadda ta zo da cikin wata takwas, ido fari, tana haki in ta ɗan yi tafiya, lokaci ya riga ya ƙure mata. In ta haihu ta zubar da jinin da wata za ta iya jurewa, ita sai ya kayar da ita.

Haka zazzaɓin cizon sauro. Ƙauyukan yankin da dama a bakin fadamun Gulbin Rima da na Bunsuru suke, inda sauro ke cin karensa ba babbaka daga tsakiyar damina har kaka. Fansidar da ke kare mai ciki ana fara ta ne daga mako 13, a riƙa maimaitawa wata-wata, aƙalla sau uku. Allurar rigakafin ciwon sarƙewar haƙora, wadda ke kare jariri daga cutar da kan shiga ta cibiya, ita ma biyu ake so a fara da su, da tazarar wata guda a tsakani. Wadda ta makara ba ta iya cika ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Mafi ban tsoro shi ne hawan jinin ciki, wanda kan bayyana bayan mako 20. Mace tana daka, tana ɗebo ruwa, ba ta jin komai. Ƙafa ta kumbura a ce alamar tagwaye ce ko ɗa namiji. Kai ya dame ta da sara, gani ya dushe, fuska ta tasa, a ce rana ce. Rana ɗaya sai ta faɗi tana jijjiga, a ruga neman hayaƙi da rubutu ana zaton iska ce ta taɓa ta. Alhali abin gwajin nan da ake ɗaurawa a damtse, da ɗan gwajin fitsari, sun isa su tona asirin ciwon makonni kafin ya kai ga haka. A wurin awo ne kuma ake gane jaririn da ya kwanta a gicciye, da yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba, a ce mata tun da wuri kada ta yarda naƙuda ta same ta a gida. Da yawa daga cikin matan da ke jinyar yoyon fitsari a Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha a birnin Sakkwato, doguwar naƙudar da ba a yi wa shiri ba ce ta kai su.

Alƙaluma sun nuna girman giɓin. A binciken 2018, kashi 67 cikin 100 na matan Najeriya sun ga ƙwararren ma'aikacin lafiya lokacin goyon ciki, amma kashi 18 kacal suka fara awo a watanni ukun farko. A Jihar Sakkwato kuwa, kimanin mace ɗaya cikin huɗu ce ta ga ƙwararre, kuma haihuwar da aka yi a asibiti ba ta kai ɗaya cikin goma ba, a jihar da a lokacin mace kan haifi kusan 'ya'ya bakwai a rayuwarta. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2023 ya ce mata kimanin 75,000 suka rasu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk irin wannan mutuwa a duniya.

Kunya, izini da aljihu

Tun kafin a san wani abu wai shi ɗan bindiga, akwai shingayen da suka daɗe a cikin gida. Na farko kunya. A ƙasar Hausa ba a shelar ƙaramin ciki. Ana tsoron baki, ana tsoron maita, ana gudun kada a faɗa ya zube a zama abin magana. Mai cikin fari kuwa kunyarta ninki biyu ce: ba za ta buɗi baki ta gaya wa uwar mijinta ba, ko uwar da ta haife ta sai dai ta lura da kanta. Zuwa awo a ƙaramin gari daidai yake da sanarwa, domin duk wanda ya gan ta a layi ya san abin da ake ciki. Sai ta ja bakinta ta yi shiru har ciki ya turo zane, wata biyar ko shida sun wuce. In aka kai ta goyon ciki gidan iyaye a watannin ƙarshe, sau da yawa can ne za a fara zancen asibiti.

Na biyu, yadda aka ɗauki asibiti: wurin marar lafiya ne. “Lahiya lau nike, mi za ni yi asibiti?” Wannan tambaya ce da duk wanda ya yi aikin lafiya a ƙasar Gobir ya saba ji. Tsohuwar gida ma tana da tata hujjar: “Mu da munka haihi goma cikin ɗaka, wa ya yi muna awo?” Gaskiya ta faɗa, ta haihu goma ta rayu. Sai dai in ta natsu ta ƙirga sa'o'inta da aka yi biki tare, za ta tuna da waɗanda suka tafi a gwiwa, waɗanda ba su nan balle su ba da nasu labarin.

Na uku izini da kuɗi, kuma a hannun maigida suke duka biyun. Da an kawar da amfanin gona, magidanta da yawa sukan tafi cin rani Legas, Ibadan, Abuja ko Kano. Matar da aka bari ba za ta fita ba da izini ba, wanda aka bar wa amanar gidan kuma ba lalle ya ga dalilin kashe kuɗi a kan wadda ba ta kwanta ba. Ko da an ce awo kyauta ne, akwai kuɗin babur zuwa da dawowa na mutum biyu, tunda ba ta tafiya ita kaɗai, ga gwajin jini da na fitsari, ga hoton ciki, ga maganin da za a rubuta a ce a saya a kemis. Kafin a janye tallafin mai a watan Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Ɗan kabu-kabu bai da zaɓi sai ya ƙara kuɗi. Gidan da ke neman abin sawa a tukunya, awo ne abu na farko da zai ɗage zuwa wani watan.

Hanyar da ta zama tarko

A kan waɗannan tsofaffin shingaye ne rashin tsaro ya zo ya ɗora nasa, kuma nasa ya fi duka tsayi. A ƙarshen watan Mayun 2020 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Garki, Ɗan Aduwa, Kuzari, Katuma da Masawa a Sabon Birni, suka kashe mutum sama da 70 a rana guda. A watan Disambar 2021 aka tare motar matafiya kusa da Gidan Bawa aka cinna mata wuta, aƙalla mutum 23 suka ƙone. A ƙarshen Yulin 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, kuma cikin watan Agusta aka samu labarin rasuwarsa a hannun waɗanda suka sace shi. Hanyar da ba ta bar basarake ba, wane magidanci ne zai ɗora matarsa mai ciki a babur ya bi ta da ita don a gwada mata jini, alhali tana tsaye da ƙafafunta?

Ga yadda abin yake a gida guda. A ce matar tana da cikin wata huɗu, ranar awo ta zagayo. Tun dare maigida ya fara tambaya: lafiya hanya? An ga babura jiya wajen rafi. Da safe aka ji harbi daga nesa. Sai ya ce a bari sai wani mako. Wani makon ya zo daidai da tara kuɗin harajin da 'yan bindiga suka ɗora wa gari kafin a bar mutane su shiga gona, ɗan abin da aka ajiye na babur ya tafi can. Mako na gaba ruwa ya sauka, gulbi ya kawo, mashigi ya yanke. Kafin a ankara ciki ya shiga wata bakwai. Ba wanda ya ce awo ba shi da amfani a wannan gida. Kullum dai akwai abin da ya fi shi gaggawa.

Har matakan da aka ɗauka don murƙushe 'yan bindiga sun taɓa masu ciki. A watan Satumbar 2021 gwamnatin Jihar Sakkwato ta Aminu Waziri Tambuwal ta rufe hanyar Isa zuwa Marnona, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14, har da Isa da Sabon Birni. A waɗannan makonni matar da ke jiran izinin mijin da ke Legas ba ta da hanyar jin muryarsa, wanda naƙuda ta kama matarsa da dare kuma ba shi da halin kiran mai mota.

Sai kuma gudun hijira. Iyalan da aka tasa daga ƙauyukansu sun cika gidajen dangi da makarantu a garuruwan Isa da Sabon Birni. Wanda ya fita da tsakar dare da goyo a baya ba ya tsayawa neman katin awo. In ta isa sabon wuri, ba ta san ranar awo ba, ba ta san kowa ba, kuma abin da za a ci yau ya sha gaban komai.

Ginin yana nan, ungozoma fa?

Ko mace ta tsallake duk wannan, akwai tambayar abin da za ta tarar. Yankin, inda ƙidayar 2006 ta ba Sabon Birni mutum sama da dubu 200, Isa kuma kusan dubu 150, yana da faɗi, ƙauyukansa a warwatse. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, da burin kowace mazaɓa ta samu cibiya guda mai aiki. Amma gini ba ya awo sai da mutum a ciki. Ma'aikacin lafiya shi ma ɗan wani ne, kuma masu garkuwa suna farautar duk wanda suke zaton yana da albashi. Ba abin mamaki ba ne nas ko ungozoma ta nemi a mayar da ita cikin gari. Inda aka bar namiji shi kaɗai a cibiya, magidanta da dama ba sa yarda ya duba matansu, su ma matan ba sa sakin jiki.

Matar da ta sayar da kaza ta biya babur, ta yi kasadar hanya, ta zo ta tarar da ƙofa a garƙame ko aka ce ba magani, da wuya ta sake dawowa. Wadda aka daka wa tsawa a gaban mutane don ta makara, za ta koma ta gaya wa kishiyarta da maƙwabtanta, su ma su fasa. Kyakkyawar tarba magani ce, kuma ba ta cin kasafin kuɗi. In kuwa lamari ya tsananta, ana buƙatar ƙarin jini ko tiyata, sai a dangana da babban asibitin ƙaramar hukuma, in ya gagara a nufi Sakkwato, Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, tafiyar sa'o'i ta Goronyo a kan hanyar da ba a bi da dare.

Tsallaken iyaka

Ga Bagobiri, iyakar Najeriya da Nijar layi ne da Turawa suka ja a tsakiyar dangi. Gobirawan Tsibiri da ke kusa da Maraɗi da na Sabon Birni tsatso ɗaya ne, ana auratayya, ana cin kasuwa tare. Mutanen bakin iyaka sun daɗe suna tsallakawa neman magani a “likita”, kamar yadda ake kiran asibiti a can, kuma tun 2006 Nijar ta ayyana awon ciki kyauta. Daga 2019 dubun dubatar 'yan Najeriya, galibinsu mata da yara, suka yi hijira zuwa Jihar Maraɗi, aka tsugunar da wasu a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori. Sai dai wannan ƙofa ma ba kullum take buɗe ba. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Yamai, Najeriya ta rufe iyaka har zuwa Maris 2024. Rikicin shugabanni ne, amma har da mai cikin da ke ƙauyen bakin iyaka aka biya kuɗinsa.

An taɓa kai magani har ɗaka

Sakkwato ba baƙuwa ba ce ga dabarar bin mata har gida. A sarautar Gobir akwai Inna, mace mai faɗa a ji wadda al'amuran mata ke hannunta. Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajoji suna bin ƙauyuka suna kai wa mata ilimi inda suke. A zamaninmu ma, a 2013, lokacin Gwamna Aliyu Magatakarda Wamakko, jihar ta riga sauran jihohi raba ƙwayar misoprostol mai tsayar da zubar jini bayan haihuwa da man chlorhexidine na shafa wa cibiya, ta hannun kwamitocin mazaɓu da masu aikin sa-kai a mazaɓu 244, da tallafin hukumar USAID. An gane cewa tunda mata a gida suke haihuwa, gara magani ya same su a gida. Har yau kuma, kowace damina ana bin gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓi na yara, kamar yadda ake bi da ɗigon shan-inna.

Ƙafar da ta kai wa yaro magani za ta iya kai wa uwarsa. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince ma'aikatan lafiya na cikin al'umma su riƙa ba masu ciki Fansidar inda zuwa asibiti ke da wuya. Abin gwajin hawan jini mai batir yana shiga jakar hannu. Matar da aka horar daga cikin garin, wadda ba sai ta bi hanya ba, za ta iya shiga ɗaki ta gwada jini, ta ba da ƙwayar ƙarin jini da gidan sauro, ba tare da duk unguwa ta ji labari ba. Ta haka kunya ma ta samu mafita. Ungozomar gargajiya ita ce ta fara sanin ciki a gari, kuma da ita ake shawara. Jawo ta a jiki, a koya mata alamomin haɗari, a sa ta rako mata, ya fi a mayar da ita abokiyar gaba. A jihohi irin su Zamfara, Katsina, Jigawa da Yobe an gwada haɗa kai da direbobin ƙungiyar NURTW don ɗaukar masu naƙuda cikin gaggawa. Tashoshin Isa da Sabon Birni ma suna da direbobin da suka san kowace kwana.

A watan Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, da shiri na musamman kan ƙananan hukumomi 172 da ke da fiye da rabin mutuwar masu ciki a ƙasar. Mataki ne mai kyau, amma tiyata kyauta tana amfanar wadda ta iso da rai, kuma awo ne ke gano ta tun da sauran lokaci. Tunda Amurka ta dakatar da ayyukan USAID a farkon 2025, nauyin ya dawo kacokan kan gwamnatin jiha ta Ahmed Aliyu da ƙananan hukumomi. Abin da ake nema a gare su a bayyane yake: a ɗauki 'yan matan yankin a horar da su aikin ungozoma su dawo garuruwansu, a ba masu aiki a wuraren haɗari alawus da masauki mai tsaro, a sa ranar awo ta dace da ranar kasuwa lokacin da ake tafiya cikin ayari, a kai awo wuraren da 'yan gudun hijira ke zaune. Sama da duka a tsare hanya, domin tsaron hanyar Goronyo zuwa Sabon Birni da ta Isa aikin ceton masu ciki ne.

Saura namu na cikin gida. Liman ya faɗa a kan mumbari cewa kula da lafiyar mace yana cikin haƙƙin da aure ya ɗora wa miji. Uwar miji, ke ce kike fara lura da sauyin fuskar surukarki. Kada ki jira ta faɗa, ki ɗauki mayafi ki raka ta. Maigida, kafin ka hau motar cin rani ka bar izini a fili gaban shaidu, ka bar kuɗin babur a hannunta. In ka ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da dushewar gani, ko kumburin fuska da hannuwa, ko zazzaɓi, ko jariri ya daina motsi, kada a jira ranar awo. Kana tanadin ragon suna tun ciki yana ƙarami. Ka fara tanadin ran wadda za ta haifa maka mai sunan. Da wata biyu sun wuce ba ta ga al'ada ba, lokacin awo ya yi.